Kundin Aikin Dasa Murjani a Tankin Ruwan Gishiri, Jidda, 2025

Juma'a, 10 ga Janairu, 2025

Tankin ruwan gishirin da na kafa a falo tun cikin Nuwamban bara ya kai munzalin da za a iya fara saka masa murjani, shi ya sa na buɗe wannan kundi domin rubuta abin da aka yi da abin da ya biyo baya. Tsawon tankin santimita 90 ne, faɗinsa 50, zurfinsa 45, wato yana cin ruwa kimanin lita 200. A ciki akwai busasshen dutse mai ƙofofi wajen kilo 18, da farin yashi a ƙasa, da kifaye biyu irin Amphiprion ocellaris da aka ƙyanƙyashe a wurin kiwo, da 'yan dodon koɗi masu cin gansakuka. Ƙwayoyin bakteriyar da ke mayar da amoniya naitirayit, sannan su mayar da naitirayit naitiret, sun riga sun kama dutsen, domin tun a Disamba awo ya daina nuna amoniya da naitirayit. Ƙurar gansakuka mai ruwan ƙasa da kan lulluɓe sabon tanki ita ma ta taso ta lafa.

Awon yau ya nuna gishiri kashi 35 cikin dubu, zafin ruwa digiri 25, alkaliniti (sinadarin da murjani ke haɗawa da kalsiyam ya gina ƙashi) 8.3 a ma'aunin dKH, kalsiyam 430, magniziyam 1320, naitiret 6, fosfet kuma 0.05. Duk da cewa Bahar Maliya tana kusa da gida, ban ɗebo ruwanta ba, domin gishirinta yana kai wa kashi 40 cikin dubu, alhali gutsattsarin murjanin da ake kiwo a tankuna sun saba da 35, ga kuma dattin da ruwan bakin gari kan kwaso. Ruwan famfo nake tacewa da na'urar RO/DI har ma'aunin dattin da ya narke a ruwa ya nuna sifili, sannan in dama shi da gishirin da aka haɗa musamman domin tanki.

Abin da nake so ya tsaya mini a rai kafin in taɓa komai shi ne cewa murjani dabba ce, taron ƙananan halittu masu baki da zaruruwa, kuma ita ce za ta kama dutse da kanta idan ta sami wurin da ya yi mata. Gam da ifoksi riƙon ƙwarya suke yi: su hana gutsuren motsi har zuwa lokacin da naman dabbar, ko ƙashin da take ginawa, zai shimfiɗu a kan dutsen. Saboda haka na tsara dutsen tun farko da tunanin inda kowane iri zai zauna: tudu babba a hagu, ƙarami a dama, da wani dutse shi kaɗai a tsakiyar yashi wanda bai taɓa kowa ba. Kafin in zuba ruwa na huda ramuka masu faɗin milimita 12 a wurare daban-daban da na'urar huda bango. Dutsen bai yi gardama ba, domin irin farar ƙasar nan ce mai saƙa-saƙa, dangin dutsen murjanin da aka gina tsoffin gidajen unguwar Balad da shi, irin su Gidan Nasif, unguwar da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Asabar, 18 ga Janairu

Gutsattsarin farko sun iso gida yau, kuma dukkansu daga tankin wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka suke, wanda ya daɗe yana wannan kiwo. Na zaɓi in fara da abin da aka yanka daga tankin gida ne saboda dalili biyu. Ciro murjani daga tekun nan laifi ne a doka, kuma dukkan murjani masu ƙashi suna cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wato ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda. Bayan haka, gutsuren da ya girma a ƙarƙashin fitilar tanki ya fi wanda aka ɓallo daga teku jure wa hannun sabon shiga. Ya ba ni Zoanthus kala biyu, da Discosoma ja, da Sarcophyton ƙarami, da shimfiɗar koren murjanin nan mai kawuna kamar taurari. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kada ka buɗe gam sai kowanne ya nuna maka inda yake so." Na ce, "To, Baba, in Allah ya yarda haka za a yi."

Na bar ledojin suna yawo a saman ruwan tanki na minti 20 domin zafinsu ya daidaita, sannan na shirya kwanuka uku na roba a kan tebur. A na farko na zuba ruwan tanki da maganin tsoma murjani gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalba, sauran biyun kuma ruwan tanki zalla domin ɗauraya. Kowane gutsure ya yi minti 10 a cikin maganin ina fesa masa ruwa da sirinji ta kowane lungu. Abin da ya zube a gindin kwanon ya isa hujja ga wanda ke ganin wannan aiki ɓata lokaci ne: 'yan tsutsotsi masu faɗi launin tsatsa, da ƙananan jatan lande, da wata halitta mai laushi wadda ta ɗauki launin Zoanthus ɗin sak saboda shi take ci.

Maganin yana kashe babbar, amma ba ya taɓa ƙwanta, don haka na ɗauki gilashin ƙara girma da tocila na bi gindin kowane kai. A ƙarƙashin ɗaya na ga farin zare a nannaɗe, faɗinsa bai fi milimita 3 ba, wanda shi ne ƙwan, na kankare shi da hantsaki. A ƙasan wani mazaunin yumɓu, irin ɗan faifan da ake manna gutsure a kai, kuma akwai Aiptasia ƙarama, wata halitta mai laushi mai zaruruwa, wadda idan ta shiga tanki sai ta hayayyafa ta riƙa harbin maƙwabta. Wannan mazaunin gaba ɗaya na jefar bayan na ɓamɓare murjanin daga kansa da reza. Ruwan kwanukan duka ya tafi magudana, ko ɗigo bai koma tanki ba.

Yanzu dukkansu, ban da Discosoma da Sarcophyton da suka zo a sake, suna kan wata 'yar maratayar roba da na maƙala a jikin gilashi can ƙasa, inda haske yake da rauni. A nan za su zauna ba gam ba komai, ina sake tsoma Zoanthus ɗin kowane mako domin kama duk abin da ya ƙyanƙyashe daga ƙwan da ido bai gani ba.

Juma'a, 31 ga Janairu

Yau na manna gutsuren farko a dutse. Zoanthus ɗin biyu sun nuna lafiya tun makon jiya, kawunansu a buɗe daga kunna fitila har kashe ta, kuma na riga na gwada ajiye su a gefen ƙaramin tudu ba tare da gam ba, suka ci gaba da buɗewa ba tare da sun miƙe wuya suna neman haske ba, ba su kuma tsuke saboda yawansa ba.

Kafin komai na sa safar hannu ta roba da tabarau na kariya, na kuma roƙi uwargida ta riƙe yara a ɗaki har in gama. Wasu daga cikin dangin Zoanthus da Palythoa suna ɗauke da falitoksin, dafin da aka fara tantancewa a 1971 daga wani Palythoa na tsibiran Hawai, kuma yana cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani a halittu. Yana shiga jiki ta rauni a fata, ko ta ido idan kan murjanin ya tsarto ruwa, ko ta numfashi idan aka goge dutsen da ruwan zafi ko aka tafasa shi tururin ya tashi. Babu maganin da ke karya shi a jiki, kuma ido ba ya bambanta mai dafi da maras dafi, don haka kowanne ana ɗaukarsa a matsayin mai dafi. Duk kayan da suka taɓa su, daga reza har tawul ɗin takarda, na jiƙa su a ruwan bilic kafin in wanke ko in zubar. Ina ganin duk mai sayar wa sabon shiga waɗannan halittu ba tare da ya gaya masa wannan ba ya ci amanarsa.

Gam ɗin da ake amfani da shi sufa gulu ne mai kauri, wanda aka yi da sayanoakirilet, domin mai ruwa-ruwa yana kwarara ya hau naman dabbar. Danshi ne ke sa shi daskarewa, shi ya sa da zarar ya taɓa ruwan gishiri sai bayansa ya yi farar fata nan take, cikinsa kuma yana nan ɗanye. Wannan fatar ita ce sirrin aikin, domin idan aka ɗora gutsuren a hankali ba tare da an fasa ta ba, ba abin da zai kama.

Ga yadda na yi. Na kashe injinan tura ruwa, na goge wurin da na zaɓa da tsohon buroshin haƙori har santsin da ke kan dutsen ya fita, domin gam ba ya kama gansakuka. Na fito da gutsuren, na datse ƙafar mazauninsa da awartaki ya zama faifai, na tsane ƙasan da tawul ɗin takarda, na matsa masa gam kamar girman ƙwayar gyaɗa. Sai na kai shi wurin da sauri, na danna ina ɗan murzawa hagu da dama. A yatsa na ji lokacin da fatar ta fashe, gam ɗin ya fara ja, wasu fararen zaruruwa suka fito ta gefe suka sandare a cikin ruwa. Na riƙe shi cak na daƙiƙa 30 kafin in saki. Murjanin bai wuce minti ɗaya a waje ba, wanda ba komai ba ne ga halittar da a teku ma takan jima a fili idan ruwa ya janye.

Gutsure na biyu ya faɗa wurin da dutsen ke da ƙwari da tudu, inda faifan ba zai kwanta daidai ba, don haka ya buƙaci ifoksi. Ifoksin tanki sanda ce mai launi biyu, ana yanko kaɗan a murza shi a hannu har launin ya zama ɗaya, a lokacin za a ji ya fara ɗumi. Shi kansa ba shi da danƙon kirki a cikin ruwa, aikinsa shi ne ya cike ramuka ya ɗauki siffar dutse ya sandare a haka. Saboda haka sai aka haɗa su: gam a ƙasan faifai, curin ifoksi mai faɗin santimita ɗaya da rabi a kan gam, wani gam a ƙasan ifoksin, sannan a danna duka a dutse a gyara gefe da yatsa. Na bar injinan a kashe na minti 20.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na'urar kumfa mai tsame datti ta haukace tun daren Juma'a, kofinta yana cika da farin ruwa cikin mintuna, abin da sabon ifoksi ya saba jawowa. Na ɗaga kofin na bar ruwan yana komawa, zuwa Lahadi ta dawo daidai. Zoanthus na farko ya buɗe washegari, na biyun sai jiya. Na tura kowanne da yatsa a hankali, babu wanda ya motsa. Farin gam yana ƙyalli a gindinsu, amma gansakukar dutse mai ruwan hoda za ta rufe shi in an kwana biyu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Murjani masu laushi ba sa yarda da gam, domin jikinsu yana fitar da yauƙi, kuma duk abin da aka manna musu sai su saki fatar wurin su sulale su bi ruwa. Discosoma da Sarcophyton sun zo mini ne a sake, ba a kan mazauni ba, don haka tun ranar da suka iso kowanne yake da nasa shirin.

Discosoma na sa shi a cikin ɗan kofin roba da na huhhuda, na zuba tsakuwar dutsen tanki a gindi, na rufe bakin da ƙyallen gidan sauro na ɗaure da kyauro, na ajiye a kusurwar da ruwa ba ya kaɗawa sosai. Da na buɗe yau na tarar ya kama wata tsakuwa da ƙafarsa, har na ɗaga tsakuwar na girgiza a cikin ruwa bai saki ba. Yanzu tsakuwar ce na manna da gam a gindin babban tudu, ƙarƙashin wani ɗan rufi na dutse, saboda wannan iri ya fi son haske kaɗan da ruwa mai sanyin tafiya, kuma idan haske ya yi masa yawa sai ya ƙanƙance.

Sarcophyton ya fi wuya, domin yana da kara mai kauri da ke kumbura da rana ya saki da dare, kuma kyauron da ya yi masa daidai da dare zai iya yanka shi gida biyu da rana. Na soke gindin karan da tsinken sakace na roba, na kwantar da yankakken gefen a kan wani ɗan dutse mai faɗi, na ɗaure bakin tsinken biyu da kyauro ta ƙarƙashin dutsen, ta yadda kyauron bai taɓa naman ba ko kaɗan. Yau na zare tsinken, ya tsaya da kansa. Na ba shi wuri a bayan babban tudu inda ruwa ke wucewa da ƙarfi, na kuma ƙara gawayin tace ruwa a matatar tankin, saboda dangin nan suna sakin sinadaran da ke takura wa murjani masu ƙashi.

Shi kuwa koren mai taurari yana da shimfiɗa mai ruwan shuni wadda gam ke iya kamawa, don haka ɗigo uku a gefe ya isa. Abin lura a kansa shi ne wurin zama, domin yana bin dutse yana lulluɓe duk abin da ya tarar, kuma idan ya shiga ƙofofin babban tudu ba a iya fitar da shi sai an fitar da dutsen. Saboda shi na ware dutsen nan na tsakiyar yashi tun farko. An yi mini tayin Xenia, wani murjani mai laushi, kyauta, na yi godiya na ƙi karɓa, domin ita yashi ma ba ya tsare ta: takan saki ɓalli ya bi ruwa ya kafu inda ya ga dama.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Rukuni na biyu, masu ƙashi da manyan kawuna, sun gama zamansu a marataya: Euphyllia mai bakin guduma da kai biyu, Duncanopsammia mai kai uku, da Caulastraea mai kai huɗu. Waɗannan suna da ƙashi na farar ƙasa wanda gam ke kamawa da kyau, amma namansu a kumbure yake da ruwa a kan ƙashi mai kaifi. Idan aka ciro Euphyllia daga ruwa tana buɗe, nauyin naman kan sa ya yage a kan ƙashin, raunin kuma ya zama ƙofar cutar nan mai kama da yauƙi mai ruwan ƙasa wadda ke cinye kai guda cikin kwana ɗaya ko biyu. Don haka sai da na kaɗa mata ruwa da hannu har ta janye ciki, sannan na kama ta ta can ƙasan ƙashi, nesa da zoben naman da ke zagaye da wuyanta, kuma na tabbatar ko gam ko ifoksi bai kai wurin ba.

A nan ramukan da na huda a Nuwamba suka yi amfani. Maimakon in datse ƙafar mazaunin, sai na naɗa mata ɗan ifoksi na zura ta cikin rami, ta zauna daram. Wannan hanya ta fi kwantar mini da hankali ga murjani mai nauyin kai, domin ruwa yana kaɗa shi dare da rana, kuma abin da aka manna ta faifai kaɗai yakan gaji ya ɓalle.

Tazara ce ta fi cin lokaci. Euphyllia tana fitar da dogayen zaruruwa masu harbi, musamman da dare, don haka na bar mata fili na santimita 15 ta kowane gefe, na kuma sa ta ta inda ruwa zai kaɗa zaruruwan zuwa fili maimakon zuwa kan maƙwabci. Tudun yanzu ya yi kamar ba kowa a kansa, kuma zuciya tana so a cike guraben, amma filin nan na girman da za su yi ne nan da shekara.

Caulastraea kaɗai na manna ta faifai, saboda inda ta fi buɗewa babu rami. Da la'asar na tarar da ita kife a kan yashi, babban dodon koɗi irin Turbo yana bin wurin da take. Ya ture ta kafin gam ya gama kamawa. Na hure yashin da ya shiga kawunanta da sirinji, na sake manna ta da gam da ifoksi, shi kuma na mayar da shi tankin tace ruwa da ke ƙasa, inda akwai gansakukar da za ta ishe shi. 'Yan Trochus ɗin ƙanana na bar su, domin ba su da ƙarfin ture komai.

Juma'a, 14 ga Maris

Azumi ya canza lokutan gida, amma ban taɓa lokacin fitilar tanki ba, tana nan a kan awa 9 kamar da. Amfanin da na samu shi ne ina farke a lokacin da tankin ke cikin duhu, kuma bayan an dawo daga tarawihi nakan duba shi da jar tocila, wadda ba ta firgita mazauna ciki. A daren jiya na ga zaruruwan Euphyllia guda biyu sun miƙe fiye da sauran nesa ba kusa ba, bakinsu fari, suna lilo ta wajen Duncanopsammia, amma saura kusan yatsa uku su kai. Caulastraea ma ta fito da nata gajerun zaruruwan a zagayen baki, na ba kowane kai ɗan jatan lande da hantsaki, ya naɗe ya haɗiye.

Sarcophyton ya rufe tun farkon mako, samansa ya yi sheƙi, babu kai ko ɗaya a waje. Ban taɓa shi ba, domin al'adarsa ce ya yi wata siririyar fata ya saɓule ta tare da gansakukar da ta hau shi. Da asubar yau fatar ta fara ɗagowa daga gefe, na zuƙe ta da sirinji kafin ta faɗa kan wani.

Alkaliniti ya sauko daga 8.3 zuwa 7.6 cikin mako guda, kalsiyam kuwa bai nuna wani canji ba. Haka lissafin yake, domin duk kalsiyam 20 da murjani da gansakukar dutse suka ci wajen gina ƙashi yana tafiya da alkaliniti kusan 2.8, don haka shi ne ke fara nuna cewa ana gini. Canjin ruwa na kashi 10 cikin 100 a mako ya daina wadatarwa. Na fara zuba ruwan sodar gashin burodi (baking soda) da aka auna kowace safiya bayan sahur, ba tare da na ɗaga awon fiye da 0.3 a rana ba, domin hawa da sauka cikin gaggawa ya fi ƙarancin kansa cutar da murjani.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Bayan alkaliniti ya tsaya tsakanin 8.0 da 8.3 tun kafin Salla, na karɓo gutsure biyu na Montipora, ɗaya mai rassa kamar yatsu, ɗaya kuma ja mai girma fale-fale. Su ne mafi sauƙi a cikin masu ƙananan kawuna, kuma su ne za su gwada ko tankin ya nuna. Baba, dattijon nan da ya ba ni gutsattsarin farko, ya ara mini na'urar auna hasken da murjani ke amfani da shi, ta nuna 230 a ƙolin babban tudu, 130 a tsakiya, 70 a kan yashi.

A cikin naman murjani akwai ƙananan tsirrai masu ƙwaya ɗaya da ke sarrafa haske su ba shi mafi yawan abincinsa. Idan haske ko zafi ya yi yawa farat ɗaya, sai ya kore su, farin ƙashinsa ya bayyana ta cikin nama. Wannan shi ne abin da ya faru a tekunan duniya har hukumar NOAA ta Amurka ta sanar a Afrilun 2024 cewa an shiga karo na huɗu na farin murjani a faɗin duniya, kuma a cikin tanki kwana kaɗan ya isa a ga irinsa. Don haka sun fara zama a marataya, kuma yau da na kai su sama na rage ƙarfin fitilar da kashi 30 cikin 100, zan riƙa mayar da shi kaɗan-kaɗan har tsakiyar Mayu.

Waɗannan na cire su daga mazauni gaba ɗaya na manna ƙashinsu kai tsaye a dutse. Mai rassan na kwantar da shi a karkace maimakon in tsayar, domin gefensa mai yawa ya taɓa dutse, ya sami wuri mai faɗi da zai fara shimfiɗa gindi, sabbin rassa kuma za su tashi sama da kansu. Mai fale-falen na soke bakinsa cikin wata tsaga a gefen tudu, yana kallon fili. Kafin in manna shi na riƙe faifan roba mai faɗin santimita 20 a wurin, na duba inda inuwarsa ta sauka, na ga Discosoma kaɗai za ta rufe, wanda dama inuwa yake so.

Zafin gari ya fara hawa, ruwan ya taɓa digiri 27 da azahar a ranar da aka kashe na'urar sanyaya ɗaki. Na kafa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, ta mayar da shi 25.5, sai dai tankin yanzu yana rasa kusan lita 3 a rana. Gishiri ba ya bin tururi, don haka ruwa maras gishiri ake cikawa da shi, kuma na haɗa ɗan famfo mai cikawa da kansa domin kada awon gishiri ya riƙa hawa da sauka.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na bi kowane gutsure da gilashin ƙara girma. Montipora mai rassa ya shimfiɗa gindi mai faɗin kusan milimita 4 a kan gam ya sauka kan dutsen, bakin shimfiɗar yana da haske, alamar yana ci gaba. Mai fale-falen ya yi farin baki a zagaye, wanda sabon ƙashi ne, kuma ya kama bangon tsagar ta gefe ɗaya. Zoanthus na farko ya tashi daga kai 5 zuwa 14, ya sauko daga faifan yumɓu, ba a ƙara ganin gam ɗin ba. Duncanopsammia ta fito da ƙananan kawuna biyu a wuyanta. Discosoma ya bar tsakuwar da na manna masa ya matsa kusan santimita 2 zuwa cikin inuwa, ya bar wani ɗan ɓalli na ƙafarsa a baya wanda ya fara zama sabon murjani.

Kai ɗaya na Caulastraea, wanda ya fi shan yashi ranar da ta kife, namansa ya janye daga gefe bai dawo ba, sauran ukun kuwa sun yi ƙiba. Ban cire ta daga dutse ba, domin janyewar ta tsaya tun Maris kuma babu yauƙi a wurin. Koren mai taurari ya cinye rabin dutsensa, har wani harshe ya fara bin yashi ta wajen ƙaramin tudu, na yanke shi da reza na fitar.

Awon yau: gishiri 35, zafi 26, alkaliniti 8.1, kalsiyam 420, magniziyam 1300, naitiret 8, fosfet 0.06. Acropora, wani murjani mai ƙananan kawuna da ya fi wuyar kiwo, zai jira har tankin ya cika shekara a Nuwamba. Aikin da ke gabana shi ne kafa na'urar sanyaya ruwa kafin Yuni ya shigo, domin fanka ba za ta iya da zafi da danshin Jidda na bazara ba, da kuma sayen batirin da zai riƙe injin tura ruwa ɗaya idan wuta ta ɗauke.